Ki Juya Shi

Litinin, 2 ga wata

Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, duk da kai ka yi sati uku ba ka tambayi lafiyar kowa ba. Da fatan kana nan ƙalau, kai da ramin ma'adinan da kuke tona. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Goggo ta lafa. Ni bayana ne ke ciwo, amma bayan da ke ɗaga uba sau huɗu a rana dole ya yi ƙorafi.

Baba yana nan yadda na sha faɗa maka, tunda kai ba ka gan shi da idonka ba tun da jikinsa ya shanye. Ba baki, wuya ba ya motsi, sai ido da yatsu biyu na hannun hagu. Yana cin abinci kaɗan-kaɗan.

To ga abin da ya sa na zauna ina danna waya har babban yatsana ya yi tsami, tunda ku can ana karɓe muku waya a bakin ƙofa sai ka ce fursunoni, sai Talata da Juma'a kake ganin saƙo a ofis. Kwamfutar nan mai lanƙwashewa da ka aiko wa Baba ta fara hauka. Wata bakwai ta yi mana aiki, ban raina ba. Ya taɓa hoton kofi a allon, muryarka da ka naɗa ta ce "ruwa". Ya taɓa hoton gado, ka ce "a gyara mini kwanciya". Har na saba da jin ka a ɗakin nan, kai da ba ka taɓa ɗaga ko bokiti ɗaya a cikinsa ba.

Ranar Laraba wani akwati ya fito a allon wai a sabunta. Na danna. Ta yi ta zubo fararen rubutu, ta mutu, ta tashi. Tun daga ranar, in Baba ya kai yatsa sai ta faɗi abin da ba shi ba. Ina kallon leɓensa a bushe, ita tana cewa "na gode". Jiya sau shida tana cewa "a kira likita". Na kira, ya zo ya duba bai ga komai ba, ya yi mini kallon wadda ba ta da aikin yi. Ga shi na daina ajiye ta a buɗe tun da shayi ya zube a madannan. Lanƙwasa ta nake yi ta tsaya kamar tanti a kan tiren cin abincinsa, ko ba komai ta fi kusa da hannunsa.

Na kai ta wurin mai gyaran kwamfuta na bakin titi. Yana kunnawa ya ja da baya, ya ce wa ya cire mata tsarin da ta zo da shi ya sa wannan? Na ce ƙanena ne, injiniya ne. Ya ce to a mayar wa injiniya, shi bai san kan wannan ba. Duk garin nan kowa na amfani da abin da kowa ya sani, sai kai, dole sai ka zama daban.

Ka faɗa mini abin yi. Ubanka ba shi da wani baki sai wannan.

Yayarka

Talata, 3 ga wata

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na ga saƙonki, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ke kuma ya saka miki. Ki gaishe da Goggo. Ina lafiya, sai tarin ƙurar rami da kowa ke yi a nan.

Ki daina zagin tsarin nan. Na sa shi ne don shi kaɗai ya ba ni dama in gina wa Baba allon magana da harshenmu, tunda kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara. Dubban mutane ke aiki a kansa kyauta. Mai gyaran naki shi ne bai iya ba.

Abin da ke tsakanin gilashi da kwamfutar wani ɗan ƙaramin shiri ne, ana ce masa direba. Ba na mota ba, kafin ki fara. Shi ke faɗa wa kwamfutar inda yatsa ya sauka. Mai yiwuwa sabuntawar ta canza shi, amma ban cika zaton haka ba. Kamfani ya toshe hanyar da zan shiga kwamfutar daga nan, saboda haka ke ce hannuna. Ki buɗe ta, ki kira baƙar tagar nan da na taɓa nuna miki, ki kwafi layin da na liƙa a ƙasan wasiƙar nan harafi-harafi, ki turo mini hoton abin da ta fitar. Sannan ki taɓa kusurwa huɗu na allon da yatsanki, ki taɓa hotunan ɗaya bayan ɗaya. In ta amsa miki daidai, to ba ita ba ce, hannun Baba ne ya ƙara rauni, yana zamewa. Na'ura ba ta ƙarya, Yaya, abin da aka taɓa take faɗi.

In hakan ne, ki shiga shafi na biyu. Gida biyu ne kawai manya-manya, kore a dama yana cewa "Eh", ja a hagu yana cewa "A'a". Ko hannu na rawa ba zai kuskure ba. Ke ki riƙa tambaya, shi yana amsawa.

Yanzu ga wata magana da ta daɗe tana cina. Kwantiragina zai ƙare ranar ashirin ga wata. Ko in sa hannu a sabo na wata goma sha takwas, ko in tattara in dawo. Kin san yadda muka rabu da Baba. Kina tsaye ranar da na ce ba zan gaji shagon gyaran keken ɗinki ba. Bai ko ɗago kai daga keken da yake kwancewa ba ya ce, "Je ka, ba mai neman ka." Shekara huɗu ke nan, bai janye maganar ba, ni ma ban roƙa ba. Ba zan iya shigowa ɗakin nan ya dube ni da idon da ya raka ni da shi ba, alhali ba shi da bakin da zai kore ni.

Ki tambaye shi kai tsaye, ba kwana-kwana: kana so Auta ya dawo gida? Abin da ya ce shi zan yi.

Ƙanenki

Lahadi, 8 ga wata

Ranka ya daɗe Injiniya,

Na sha karatu, na gode. Muna lafiya, sai dai miki ya fara fito wa Baba a kafaɗar dama. Ma'aikaciyar jinya ta ce a riƙa kwantar da shi ta ɗaya gefen, a tokare bayansa da matashi. Haka muke yi.

Na buɗe kwamfutarka a kan cinyata na kwafi layinka. Ga hoton nan na turo. Na taɓa kusurwa huɗu, kowace ta amsa. Na taɓa kofi, ka ce "ruwa". Na taɓa gado, ka ce a gyara maka kwanciya, na ce ka gyara da kanka. To ka yi gaskiya, sai ka ji daɗi. Na'urarka lafiyarta lau, hannun tsoho ne.

Na sa masa shafin gida biyun. Ina kafa ta a tiren, allon na kallonsa, ni in zauna a gabansa ina kallon fuskarsa in yi tambaya. Auta, wallahi ban gane mutumin nan ba kuma. A buɗe taga? A'a. Baba fa, wanda ko ruwa ake yi sai ya bar taga a buɗe don ya ji motsin titi. A ƙara maka bargo? Eh, ga gumi na bin wuyansa. Cokali uku zai sha, in ce ka ƙoshi, ya ce eh. Wani lokacin kuma ya cinye kwano guda ya ce bai ƙoshi ba, in yi ta ɗura masa har ya ƙware.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na Mai Agogo. Ka san shekara arba'in suna zama tare, kuma tun da ciwon nan ya zo bai fasa ba, yana rufe rumfarsa da yamma sai nan. Ranar Laraba yana tsaye a bakin ƙofa yana cire takalmi na ce, Baba, ga abokinka, ya shigo? Sai muryarka ta cika ɗakin, "A'a." Tsohon ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ya yi 'yar dariya ya ce wataƙila ya gaji ne, ya mayar da takalminsa. Washegari haka, jibi haka. Bai sake zuwa ba. Na faɗa wa likita, ya ce ciwon nan yakan canza wa mutum hali, mu yi haƙuri.

Tambayarka kuma na yi ta jiya da hantsi, bayan na yi masa wanka. Na faɗe ta yadda ka rubuta, ban ƙara ba ban rage ba. Ya daɗe yana kallona. Hawaye na zuba, amma idonsa kullum cikin ruwa yake yanzu, ba zan ce maka na maganar ba ne. Sai yatsan ya tafi da saurin da na daɗe ban gani ba. "A'a." Na ce Baba, Auta fa, ɗanka. "A'a." A karo na uku ya yi ta bugun gilashin har muryar tana hawa kan juna.

Ban ji daɗin rubuta maka wannan ba. Amma kai ka ce kai tsaye.

Yayarka

Talata, 10 ga wata

Yaya,

Na gani. Ina lafiya, da fatan ku ma haka. Minti biyar gare ni, motar rami na jira.

Ban san sau nawa na karanta ƙarshen wasiƙarki ba. Na leƙa dandalin masu amfani da tsarin, na ga wani yana ƙorafi a kan sabon direban allo. Wataƙila ba komai ba ne, wataƙila ni ne ke neman abin da zan kama. Amma kafin in sa hannu ki yi mini abu ɗaya. Ki juya shi ya koma yadda yake da, sannan ki sake tambaya. Layi ɗaya ya ishe ni.

Ƙanenki

Alhamis, 12 ga wata

Auta,

Muna nan. Na juya shi ya koma yadda yake da, duk da ba ƙaramar wahala aka sha ba, kuma ni ban ga amfanin hakan ba. Na tambaya sau biyu. A'a, A'a. Ka ce layi ɗaya, ga shi nan. Don girman Allah kar ka sake sa ni.

Yayarka

Juma'a, 20 ga wata

Yaya,

Barka da war haka. Da fatan jikin Baba da sauƙi, ke ma bayan ya lafa. Ni lafiyata lau, har ta yi yawa.

Sati guda na riƙe layinki ina juya shi a raina. Yau da safe na sa hannu. Wata goma sha takwas. Manaja har da buga mini kafaɗa, wai irina suke so, marasa yawan waiwaye.

Kar ki ce na yi fushi, na gaji ne. Tun da na yi wayo nake jiran mutumin nan ya ce mini madalla sau ɗaya. Ranar da na kawo masa takardar gama makaranta ya juya ta gaba da baya ya ce, "Tana ɗaure noti?" Na ɗauka ciwo zai sauke shi, ashe taurin kan ba a cikin jiki yake ba. Kwana uku na yi a ɗakin ajiye kayan aiki, na toshe ƙofa da katifa don ƙarar injuna, ina naɗar kalmomi tamanin da bakina don ya samu abin magana. Da muryar tawa ya kore ni, har sau biyar. Wannan ko maƙiyi sai haka.

Zan ci gaba da aiko duk abin da ake buƙata. Ba sai kin faɗa masa na sa hannu ba, ba na jin zai tambaya.

Ƙanenki

Lahadi, 22 ga wata

Auta,

Gaisuwa a taƙaice: muna raye. Ka zauna kafin ka karanta.

Yau da safe madara ta fantsama a allon. Allon na tsaye a lanƙwashe a kan tire, na zagayo ta gefen Baba da jiƙaƙƙen tsumma. Ina goge koren sai na ji ka ce "A'a". Na goge jan, ka ce "Eh". Na ajiye tsumman na sa yatsa. Kore, "A'a". Ja, "Eh". Na buɗe ta a kan cinyata yadda na gwada rannan, komai daidai. Na sake lanƙwasa ta, dama ta koma hagu. Sau goma na yi, Baba na kallona.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kwana goma sha takwas, Auta. Ya ce a buɗe taga, na rufe. Ya ce zafi yake ji, na lafta masa bargo. Ya ce yunwa, na ɗauke kwano. Ya ce abokinsa ya shigo, muka kore shi da takalmi a hannu.

Za ka ce ya aka yi ban gani ba. A gabansa nake zama, bayan allon nake kallo. In ya kai hannu damarsa, ni a haguna nake gani, kuma ka ce mini ja na hagu. Sai in ga ai daidai ne. Akwai wanda ya fi wannan. Wasu ranakun nakan ga idonsa na kan gefe ɗaya, yatsansa na rarrafawa ɗaya gefen. Ashe ya gano, yana so ya yi wa na'urar wayo. Ni kuma 'yar kirki sai in kama hannun in mayar masa inda idon ke kallo, ina cewa sannu Baba, ga shi nan. Na ci kuka yau har Goggo ta ɗauka rasuwa aka yi.

Sannan na koma na karanta 'yar guntuwar wasiƙarka. "Ki juya shi." Allon kake nufi. To ni Baba na juya! Ni da Goggo muka ɗaga shi muka mayar da shi kan kafaɗar da ke da mikin, yana nishi, don na ɗauka wani abu ka karanto a kan kwanciya da rawar hannu. Kalma ɗaya, Injiniya, "allon", ita ce ta gagare ka rubutawa? Kai da ka cika mini shafi guda da yabon dubban mutanenka masu aikin kyauta? Na'ura ba ta ƙarya, ko? Ka gwammace ka ɗora laifi a hannun tsoho da ka ce abinka ya yi kuskure, ni kuma da wautata na bi ka.

Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya rufe ido, bai buɗe ba sai da na tashi. Na buɗe taga, na cire bargon. Kwamfutar na ɗauke ta daga gabansa. A buɗe hannunsa ba ya kai wa allon yanzu, madannai sun tare, a lanƙwashe kuma ba zan sake ajiye masa maƙaryaciya ba sai ta gyaru.

Sau biyar ubanka ya ce ka dawo. Ka je ka yaga takardar nan.

Yayarka

Asabar, 28 ga wata

Auta,

Talata ta wuce, Juma'a ta wuce. Ramin ne ya rufta da kai, ko kunya ce? In kunya ce ka ajiye ta, ba mu da lokacinta. Baba kwana shida ba shi da baki ko na ƙarya. Da ido nake lalube, rabi in dace rabi in kuskure.

Yayarka

Talata, 31 ga wata

Yaya,

Ina gaishe ki, in har za ki amsa. Washegarin da na sa hannu aka tura mu sabon rami, kwana tara ba ofis ba saƙo. Yau na dawo na tarar da wasiƙunki biyu. A tsaye na karanta su, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Duk abin da kika faɗa haka ne. In aka lanƙwasa kwamfutar kamar tanti, allon kifewa yake yi, sai tsarin ya juya hoton ya miƙe. Tsohon direban yana juya taɓin tare da hoton. Sabon da ya zo da sabuntawar hoton kawai ake juyawa, taɓin na nan a kife. Kin rubuta mini a wasiƙarki ta farko cewa kin fara lanƙwasa ta. Na koma na gani da idona. A karatun farko tsallake layin na yi, saboda ina sauri in kare tsarina daga bakinki.

Ga gyaran. Ki buɗe baƙar tagar, ki kwafi layin da ke ƙasa. A ƙarshensa akwai lambobi tara, kar ki tsallake alamar debewa: -1 0 1 0 -1 1 0 0 1. Layi na biyu shi zai sa gyaran ya riƙa shiga da kansa duk lokacin da aka lanƙwasa ta. Ki gwada a lanƙwashe, kina tsaye ta gefen Baba. Layi biyu ne kawai, Yaya. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Na rubuta wa masu kula da direban ɗazu. Kafin in gama shan ruwa wani ya amsa daga wata ƙasa, ya ce za su gyara wa kowa a sabuntawa mai zuwa, har yana gode mini. Na rufe shafin.

Na je wurin manaja. Takardar ta riga ta wuce babban ofis. Na ce to na ajiye aikin. Ya ce ko na ajiye, ba mai sa sunana a jirgin fita sai wanda zai canje ni ya iso, kuma mafi kusa wata huɗu. Na yi roƙo, na yi faɗa, har aka fitar da ni daga ofishin. Gobe zan koma.

Ina roƙon ki abu ɗaya na ƙarshe, na san kin ce kar in sake. In ta gyaru, ki tambaye shi sau ɗaya tak, ki naɗa mini a waya. Ina so in ji shi ya ce eh. Da shi zan riƙe wata huɗun nan.

Ƙanenki, Auta

Lahadi, 5 ga sabon wata

Auta,

Na amsa gaisuwarka, ba ni da ƙarfin riƙe ta. Goggo na gaishe ka. Mikin Baba ya fara bushewa. Cin abincinsa ne ya ragu ƙwarai.

Na sa lambobinka tun ranar Laraba. Sau biyu na kuskure, a na uku ta karɓa. Na lanƙwasa, na buɗe, na kashe, na kunna. Dama dama ce, hagu hagu ce. Ko a nan ka iya aikinka, ban taɓa cewa ba ka iya ba.

Kafin nan na je rumfar Mai Agogo na yi masa bayani, ina yi ina jin kunya. Ya cire gilashin nan na ido ɗaya ya ce, "'Yata, ni na san ba shi ba ne. Amma a gidan mutane aka ce kar ka shigo, ya za ka yi?" Ya dawo zama. Ba ya tambayarsa komai, labarin titi kawai yake ba shi.

To na kafa allon a tire. Wannan karon a gefensa na zauna, kafaɗa da kafaɗa. Na ce Baba, an gyara, duba ka gani. Na taɓa kore, ka ce "Eh". Na taɓa ja, ka ce "A'a". Na ce a ba ka ruwa? Ya dubi koren, ya daɗe. Ya dube ni. Sai na ga yatsun nan biyu suna jan hannun baya a kan zanin gado, kaɗan-kaɗan, har ya shige ƙarƙashin mayafi. Ya fi minti guda yana wannan aikin. Ban taɓa ganin ya sa ƙarfi haka a kan wani abu ba tun da ya kwanta.

Kwana huɗu ke nan haka. Na mayar da shafin hotuna, bai taɓa ba. Mai Agogo ya lallashe shi, bai taɓa ba. Likita ya matsa yatsun ya ce ƙarfinsu na nan yadda yake, shi ne dai ba ya so. Ban ga laifinsa ba. Mutum ya yi kwana goma sha takwas yana magana ana yi masa akasi, 'yarsa kuma na kama hannunsa tana taya shi yin ƙarya. Ni ma da na yi shiru.

Tambayarka ba zan yi ba. Ba don fushi ba, ko da yake fushin na nan. Na faɗa masa ka sa hannu, don ba zan sake ɓoye masa komai ba, na kuma faɗa masa dalili. Bai rufe ido ba, bai kau da su ba, ƙofa kawai ya yi ta kallo har na fita. Ka fassara yadda ka ga dama, ni na gaji da yi wa mutane tafinta. Tun farko ma ba tambayar da ake aikowa ba ce. Uba na kwance ba baki, ɗa ya tsaya daga nesa yana jiran a ba shi izini a rubuce. Da ka hau jirgi ranar da na ce maka ya faɗi, da ko ya kore ka, aƙalla ka gan shi.

Wata huɗu ka ce. Likita bai ce komai a kan wata huɗu ba, ni ma ban yi ƙarfin halin tambaya ba. In ka zo ka same shi, sai ka durƙusa ka tambaye shi da bakinka na gaske. In ba ka same shi ba, kwamfutarka na nan a kan tebur, tana aiki lafiya lau.

Yayarka